Masafar da ke Tsakanin Ikeja da Jidda

Duk wanda ya zauna a Agege, ko da na mako guda ne, ya san mutanen wannan unguwa sun yi maƙwabtaka da abu biyu waɗanda ba sa barin mutum ya manta da tafiya: na farko titin jirgin ƙasa, wanda ya ratsa tsakiyar kasuwa tun zamanin Turawa, ya nufi Ibadan da Jebba da Zariya har Kano, na biyu kuwa jiragen sama, waɗanda ke sunkuyowa daga arewa, su bi ta bisa rufin kwano da hasumiyoyin masallatai suna neman filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, har mai wa'azi yakan dakata da magana sai rugugin ya wuce. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan tambayar nisa ta yawaita a bakin mutanen nan, musamman idan Shawwal ya kama, maniyyata suka shiga haramar tashi: shin daga nan zuwa Jidda nawa ne? Yaro mai waya a hannu zai ba da amsa kafin a rufe baki, ya ce kilomita 4,200 ne ko abin da ya yi kusa da haka, kuma bai yi ƙarya ba. Illa dai wannan adadi yana da asali da sharuɗɗa, waɗanda ya kamata mai karɓarsa ya san su kafin ya gina hukunci a kansa.

Masu wannan lissafi ba su taɓa jan igiya daga Ikeja zuwa Jidda ba, ba su kuma ƙidaya juyin ƙafar mota ba. Kowane filin jirgi a duniya yana da wuri guda ƙayyadadde, galibi a tsakiyar titunan sauka, wanda aka rubuta matsayinsa da lambobi biyu: tazararsa daga layin istiwa'i, wanda ya raba duniya arewa da kudu, da tazararsa daga layin da ya ratsa Girinic ta birnin Landan, wanda aka yi ittifaƙi a kansa a taron Washinton na 1884, kuma wanda ya gangaro kudu har ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Filin Ikeja yana kan daraja 6 da daƙiƙa 35 arewa, da daraja 3 da daƙiƙa 19 gabas. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana kan daraja 21 da daƙiƙa 41 arewa, da daraja 39 da daƙiƙa 9 gabas. Da waɗannan lambobi ake fitar da kusurwar da ke tsakanin wuraren biyu idan aka hango su daga cibiyar ƙasa. Kusurwar ta ɗan gaza daraja 38, kuma tun da yake kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, aka kasa shi daraja 360, kowace daraja ta tashi a kilomita 111 da 'yan kai, to, ninkawa kaɗai ta rage wa mai hisabi. Wanda ya kifa ƙwarya, ya ɗora zare a kan tabo biyu na bayanta, ya ja shi ya ɗame, ya ga hanyar da ake nufi, domin zaren zai kwanta a kan mafi gajartar tafarki, wanda malaman hai'a ke kira babbar da'ira. Shi ya sa ma layin da ya miƙe sak a bayan ƙwarya ke fitowa a lanƙwashe idan aka zana shi a shimfiɗaɗɗiyar taswira.

Ni dai ina ganin girman wannan hisabi, kuma yakan dame ni idan na ji ɗalibanmu na zaure suna kallonsa kallon kayan Nasara, alhali kuwa magabatansu na cikin waɗanda suka yi masa hidima tun Turai ba ta farka ba. Halifa Ma'amun na Bagadaza, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tura malaman falaki zuwa sararin Sinjar, suka rabu ƙungiya biyu, ɗaya ta yi arewa ɗaya ta yi kudu, suna auna ƙasa da igiya, suna kuma duban tsayin taurari da rana, har tsayin ya sauya da daraja guda. Abin da aka fi ruwaitowa daga gare su shi ne daraja ɗaya ta yi mil 56 da sulusi biyu, a milin wancan zamani. Bayan kusan ƙarni biyu Abu Raihan al-Biruni, mutumin Hawarizma, ya kammala littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin a Gazna cikin 1025, inda ya tace matsayin garuruwa domin gyara masafar da ke tsakaninsu, kuma ɗaya daga cikin manyan manufofinsa shi ne fitar da alƙiblar Gazna a kan daidai. A nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye, domin lissafin da ke fitar da alƙibla da lissafin da ke fitar da hanyar jirgi tushensu ɗaya: zaren da aka ɗaura tsakanin Agege da Ka'aba, tsawonsa shi ne nisa, inda ya fuskanta shi ne alƙibla. Bahaushe ya saba cewa ya duba gabas idan zai yi salla, kuma maganar ta wadatar a bisa jimla. Amma a haƙiƙa alƙiblar Legas tana kan daraja 63 ko 64 daga arewa, watau ta karkata arewa da gabas ta ainihi da fiye da daraja 25, ta Kano kuwa tana kan daraja 68. Limamin da ya tsaya a mihirabin masallaci a Agege, da matuƙin da ya ɗaga daga Ikeja ya saita hancin jirginsa Jidda, kusan fuska guda suka fuskanta. Ƙasarmu ma ba ta rasa nata rabon a ilmin hisabi ba: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya yi hajji, ya wallafa littattafai a kan lissafi, ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya taka wannan masafa da ƙafarsa kafin a san za a taɓa ƙetare ta cikin yini guda.

Inda ruɗu ke shigowa shi ne wajen kalmar mil, domin suna ɗaya ne a kan ma'auni uku. Akwai milin ƙasa na Ingilishi, mai mita 1,609, wanda Turawa suka kafa duwatsunsa a gefen hanyoyinmu, har ya bar mana sunayen wurare: kasuwar Mil 12 a nan Legas, inda 'yan'uwanmu ke sauke tumatir da albasa da tattasai, da Mil Tara a kan hanyar Katsina daga Kano. Da wannan mil, Ikeja zuwa Jidda ta kai kimanin 2,600. Akwai milin teku, mai mita 1,852, wanda aka daidaita a taron Monako na 1929, kuma da shi matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki, saboda asalinsa daƙiƙa ɗaya ce ta daraja a bayan ƙasa. Da shi kuwa tafiyar ba ta wuce 2,270 ba. Sa'an nan akwai milin fuƙaha'u, wanda ya riga su duka shiga ƙasar Hausa, a cikin gafakar malamai.

Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya san hukuncin: wanda ya yi niyyar tafiyar baridi huɗu, watau farsahi 16, watau mil 48, zai yi ƙasarun salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, ba zai fara ba sai ya wuce gidajen garinsu, kuma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani wuri sai ya koma cikawa. Masu sharhi sun saɓa a kan tsawon milin kansa, wasu suka ce zira'i 2,000, wasu suka inganta 3,500, kuma a bisa na biyun ne malaman zamani ke cewa masafar ƙasaru ta kama kilomita 80 ko ta ɗan ɗara. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne misalin da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yakan yi ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Usfan, ko Makka zuwa Jidda, Malik ya ce wannan shi ne baridi huɗu. Ke nan alhajin Agege, idan ya sauka a Jidda ya shiga mota zuwa Makka, ya hau kan ainihin ma'aunin da aka auna duk tafiye-tafiyensa da shi, tun daga zuwansa cin kasuwar ƙauye yana yaro. Jirgin da ya kawo shi kuwa ya ninka wannan ma'auni fiye da sau 50 cikin sa'o'i biyar da wani abu, yana shafe kowane ɗaya cikin minti shida ko kusa da haka.

Kalmar da malamai ke amfani da ita a wannan babi ita ce masafa, kuma masana lugga, kamar yadda ya zo a Lisanul Arab, sun mayar da ita ga tushen da ke nufin sansana: ja-gaban ayari, idan hanya ta rikice masa a cikin hamada, yakan damƙi ƙasa ya kai hanci, domin ya gane ko dabbobi sun saba bi ta nan. Ashe kalmar da yanzu ake rubuta ta kusa da lambobi a allon filin jirgi ta fito ne daga hannun mutumin da ya durƙusa a kan rairayi yana tsoron ɓata, rayukan ayari duka suna rataye a wuyansa. Mai karatu zai iya zaton cewa shari'a, tun da kalmarta ta fito daga irin wannan wahala, za ta rataya sauƙin salla a kan wahalar. Amma ba haka malaman usulu suka yi ba, kuma a ganina nan ne zurfin hankalinsu ya bayyana. Sun ce mashaƙƙa ita ce hikimar hukuncin, amma illarsa, watau dalilin da aka rataya shi a kai, ita ce tafiya, saboda wahala ba ta da ma'aunin da mutum biyu za su yarda da shi: abin da ya gajiyar da tsoho bai gajiyar da saurayi ba, abin da ya jigata mai jaki bai jigata mai doki ba, kuma da an bar wa kowa ya auna da zuciyarsa, da malalaci ya yi ƙasaru a ƙofar gida, mai tsanani kuma ya cika salla a tsakiyar Sahara yana halaka kansa. Sai suka ɗaure hukuncin a kan tsawon ƙasa, wanda sarki da talaka za su auna su sami abu guda. Har masu sharhi suka ƙaddara mas'alar wanda ya yanke masafar cikin ƙiftawar ido, suka ce hukuncinsa bai sauya ba, tun ba a ƙera jirgi ba. Wanda ke cewa lambobi ba su san ɗan'adam ba, ya tuna cewa adalci ne ya sa aka nemi lambobin.

Matsalar mutumin Agege ba a tsawon zaren take ba, a bakinsa take. Wani magidanci mai sayar da goro, yana tsugune gaban huhu, yana ware jajaye da farare ƙwarya-ƙwarya, yana yayyafa musu ruwa yana mayar da ɗanyen ganye, ya ɗaga kai ya tambayi limamin unguwa da ya tsaya saye: "Allah ya gafarta Malam, jibi za a kira mu sansanin alhazai. In azahar ta same ni a filin jirgi, biyu zan yi ko huɗu?" Malam ya ce, "Alhaji, in Allah ya yarda, daga ƙofar shagon nan zuwa filin jirgi, a ina gidaje suka yanke?" Mai goro ya yi shiru, ya ce, "Ai ba su yanke ba." Malam ya ce, "To, huɗu za ka yi, sai jirgi ya ɗaga da kai ya bar gari a baya." Fatawar a fili take, amma tana nuna yadda zamani ya sauya wurin wahalar mas'ala. A birnin da ke da ganuwa, kamar Kano ko Katsina ta dā, matafiyi ya san inda gari ya ƙare, abin da bai tabbatar ba shi ne tsawon dajin da ke gabansa. Yau kuwa an san tsakanin Ikeja da Jidda har kilomita, amma a tambayi mutum inda Legas ta ƙare, alhali gine-gine sun haɗe daga Agege zuwa Abule Egba zuwa Sango Ota a jihar Ogun ba tare da fili ya raba ba, sai a ga malamai biyu sun ba da amsa biyu. Shi kansa filin jirgin, wanda aka gina a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a bayan gari, aka sa masa sunan Murtala bayan kisan gillar 13 ga Fabrairu 1976, aka buɗe sabon ɓangarensa na ƙasa da ƙasa a 1979, gari ya zo ya kewaye shi ta kowace fuska.

Kakanninmu fatake suna da nasu ma'aunin, kuma sunansa na nan a kan unguwar da Hausawan Agege suka fara sauka: zango. Kalma ce mai ɗauke da wurin sauka da kuma tafiyar da ke kai mutum gare shi, ta yadda idan madugu ya ce saura zango uku, ya faɗi nisa, ya faɗi kwanaki, ya kuma faɗi inda za a sami ruwa da ciyawa, duk a numfashi guda. Ayarin Gwanja, wanda ke tashi daga Kano zuwa Salaga neman goro, da watanni yake lissafi, kuma zangunan da ya bari sun zama unguwanni a Kumasi da Akara da sauran biranen yamma. Goro shi ne ya jawo Hausawa da yawa Agege, bayan an dasa irin na Gwanja a gonakin Yarabawa, har su ma suna kiransa gbanja, jirgin ƙasa kuma, wanda ya isa Kano a 1911, ya mayar da tafiyar watanni ta koma ta kwanaki a kan titi mai tsawon kusan mil 700. Ɗan kasuwar goro bai damu da mil ba sai gwargwadon abin da zai yi wa kayansa. Abin da yake tambaya shi ne kwana nawa huhu zai yi a hanya kafin ganye ya bushe, goro ya fara yaushi. Ma'auninsa sahihi ne a babinsa, kamar yadda na matuƙi yake sahihi a nasa, domin shi matuƙi da milin teku yake lissafin man da zai ɗauka, har da na zuwa wani fili idan na farko ya ƙi saukuwa. Kuskure yana faruwa ne idan aka ɗauki amsar wata tambaya aka ba mai wata.

Misalin haka a kusa yake. A bisa zare, Ikeja zuwa Kano kimanin kilomita 830 ne, Ikeja zuwa filin Diori Hamani na Yamai kuwa bai kai 800 ba. Watau babban birnin wata ƙasa ya fi kusa da Agege a kan Kano, Kwatano ta Jamhuriyar Benin ma ba ta wuce 100 da 'yan kai ba. Amma Bazabarme ko Ba'adare mai sana'a a Agege, idan ya nemi tikitin Yamai, sau da yawa sai an bi da shi ta Lome ko Abijan, ya yi yamma kafin ya yi arewa, ya yi zaman jira a ɗakin baƙi, ya nuna fasfo da katin allura. Kuma bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka rufe sararin sama, Yamai ta yi masa nisan da babu taswirar da ta nuna shi. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya tashi aikin hajji a 1921, kudu ya yi zuwa Ikko, watau Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya juyo Jidda. Ya ninka masafar zare sau da yawa, amma ya je ya dawo cikin watanni, alhali talakawan da suka miƙe gabas sak a ƙasa suna shekaru a hanya.

Su waɗannan talakawa su ne ke ƙarƙashin zaren, kuma saboda su ne ba na iya duban layin da ke allon jirgi da sanyin zuciya. Idan aka bi babbar da'irar daga Ikeja, za a ga ta ratsa tsakiyar Nijeriya, ta yanki wuyan Kamaru, ta bi ta bisa Njamena kusan daidai, ta shiga hamadar arewacin Darfur, ta ƙetare Kogin Nilu arewa da Hartum, ta faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Tsohuwar hanyar alhazai kuwa ta Maiduguri ta bi, da Fort Lamy, wadda ita ce Njamena ta yau, da Abashe, da Janaina, da Alfashir, da Al'ubayyid, da Omdurman, har Sawakin, inda ake jiran jirgin ruwa. Ba ta yi nisa da layin masu hisabi ba sai gwargwadon abin da neman rijiya ya tilasta mata. Mutum yakan tashi da matarsa da 'ya'yansa, guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi noma damina guda, ya yi gaba, ya sake tsayawa tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe bayan gina madatsar Sinnar a 1925. Wasu suka isa bayan shekaru, wasu suka dawo da furfura, da yawa kuma suka zauna har yau suna kiran kansu matafiya. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa 'yan shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903, zango ne da ya zama gida.

A ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan, makonni kaɗan kafin a fara jigilar alhazan Nijeriya. Kusurwar da ke tsakanin Ikeja da Jidda ba ta motsa ba, amma jirage suka koma kewaye, lokacin tafiya ya ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera, maniyyata suka yi ta ƙorafi, kuma suna da hakkin yi, domin da yawansu shekaru suka yi suna tara kuɗin. Amma kaɗan ne a cikinmu suka tsaya suka tambayi halin waɗanda ake kewayewa. A Disamba 2023 yaƙin ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira, a tsakiyar 2024 ya shiga jihar Sinnar, inda Mai Wurno yake, jikokin mutanen da suka tsaya a rabin hanya suka sake ɗaure kaya tare da maƙwabtansu, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, suka nufi Gadarif da Kasala da Port Sudan. Daga Wad Madani zuwa Gadarif, a kan kwalta, tafiyar ta ɗara kilomita 200, watau masafar ƙasaru kusan sau uku.